Sauraren gudun jini: yadda gwajin dofla ke kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki

Da an ce "sikanin", abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne mai juna biyu a kwance, an shafa mata wani mai mai yauƙi a ciki, ana duba kwanciyar jariri. Haka ne a Kano, haka ne a Rogo Sabon Gari. To amma aikin wannan na'ura bai tsaya ga hoton ciki ba. Tana iya auna gudun jini a cikin jijiya, ta faɗi inda ya dosa da saurin da yake yi, ba tare da an tsaga fata ko an soka allura ba. Wannan shi ake kira gwajin dofla.

Idan kana da ɗa ko ƙane mai cutar sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini, to wannan bayani ya shafe ka kai-tsaye. Bincike ya nuna kusan 11 cikin 100 na masu sikila nau'in SS kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara 20, idan ba a yi musu rigakafi ba. Yaro ya kwanta lafiya, ya tashi hannu da ƙafa sun saki, baki ya karkace. A gidaje da dama sai a ce iska ce ta buge shi. Alhali kuwa abin da ya faru a jijiyar ƙwaƙwalwa ne, kuma sau da yawa jijiyar ta daɗe tana ba da alama kafin ranar. Gwajin dofla ne ke jin wannan alamar.

Jijiya kala-kala ce

Kalmar "jijiya" a Hausa ta tattara abubuwa da yawa: akwai ta agara, akwai mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, akwai ta jini. Ta jini muke nufi a nan, ita ma kuma iri biyu ce. Akwai masu kwasar jini daga zuciya su kai shi sassan jiki. Su ne masu bugawa, irin wadda kake ji idan ka dafa wuyan hannunka. Akwai kuma masu dawo da jini zuwa zuciya, irin waɗanda ake gani sun yi raɗa-raɗa a bayan hannu, inda ake sa ƙarin ruwa. Na farko jininsu da ƙarfi yake tafiya, yana bin bugun zuciya. Na biyu kuwa a hankali yake gangarawa. Dofla na iya duba dukkansu.

Sautin da kunne ba ya ji

Sauti girgiza ce da ke ratsa iska, ko ruwa, ko nama. Kunnen ɗan Adam yana jin girgizar da ke tsakanin 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Abin da ya haura haka ya fi ƙarfin kunnenmu, amma jemage da shi yake gane hanya cikin duhu: ya yi ƙara, ƙarar ta bugi bango ko ƙwaro ta dawo masa, sai ya san nisan abin.

Na'urar sikanin ma haka take aiki. Kan nan nata da ake ɗorawa a fata yana aika sauti mai girgiza miliyan 2 zuwa miliyan 15 a daƙiƙa, sannan ya yi shiru ya saurari amsa-kuwwa. A cikin naman jiki sauti yana gudun kimanin mita 1,540 a daƙiƙa, wato ya ninka gudunsa a iska fiye da sau huɗu. Tunda kwamfutar na'urar ta san wannan gudun, da ta ƙirga lokacin da amsar ta ɗauka kafin ta dawo, ta san zurfin abin da sautin ya buga. Shi kuwa man da ake shafawa, amfaninsa korar iskar da ke tsakanin fata da kan na'urar, domin irin wannan sauti ba ya ƙetare iska ya shiga jiki.

Ka lura, babu hasken eksire a cikin wannan aiki. Shi ya sa ake yi wa jarirai da masu ciki, a kuma maimaita ba tare da fargaba ba.

Daga hon ɗin babur zuwa ƙwayar jini

Tsaya a bakin hanyar Rogo zuwa Ƙaraye, mai babur ya taho a guje yana danna hon. Yayin da yake tunkaro ka, za ka ji ƙarar siririya. Da ya gifta, nan take sai ta yi kauri. Hon ɗin bai canza ba. Abin da ya faru shi ne, lokacin da babur ke matsowa yana cunkusa girgizar sautin a gabansa, sai ta riƙa isowa kunnenka a jere da sauri. Da ya ba ka baya kuma sai tazararta ta buɗe.

Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, shi ya bayyana wannan ƙa'ida a shekarar 1842, kuma sunansa ne gwajin ya ci. A 1845 wani masanin ƙasar Holan, Buys Ballot, ya jarraba ta ta hanya mai ban dariya: ya ɗora masu busa ƙaho a kan jirgin ƙasa, ya ajiye masu kunnen kiɗa a bakin layin dogo suna tantance yadda muryar ƙahon ke sauyawa. Sai bayan fiye da shekara 100, a shekarun 1950, wani ɗan Japan mai suna Shigeo Satomura ya yi amfani da ƙa'idar a birnin Osaka wajen auna motsin zuciya da gudun jini.

A cikin jiki, jajayen ƙwayoyin jini su ne baburan. Na'ura ta aika sauti, ya bugi ƙwayoyin da ke gudu, ya dawo. Idan jinin yana tunkaro kan na'urar, amsar ta dawo da girgiza fiye da wadda aka aika. Idan yana nisantarsa, ta dawo da ƙasa da haka. Girman bambancin shi ne ma'aunin saurin. Ga misali da lissafi: a aika sauti mai girgiza miliyan 2, jini kuma yana tahowa kai-tsaye da gudun santimita 100 a daƙiƙa, bambancin zai kai kimanin 2,600. Ka ga wannan adadi ya faɗo cikin abin da kunne ke ji. Shi ya sa na'urar ke fitar da ƙarar nan "fuu, fuu, fuu" da ke bin bugun zuciya. Ƙwararren ma'aikaci tun kafin ya dubi allo, kunnensa ya fara gaya masa ko jijiyar lafiya take.

Wasu na'urorin kan shafa wa jinin launi a allo, ja da shuɗi. Mutane kan ɗauka ja shi ne jini mai kyau, shuɗi gurɓatacce. Ba haka ba ne. A yadda aka saba saita na'urar, ja na nufin jinin da ke tunkaro kanta, shuɗi kuma wanda ke nisantarsa. Iyakarta kenan.

Me ya sa gudu mai yawa ke zama alamar haɗari?

Wanda ya taɓa ban-ruwa da inji a fadama, ko a gonakin rani na kewayen madatsar ruwan Challawa da ke Ƙaraye, ya san wannan. Idan ka matse bakin tiyo da yatsa, ruwan sai ya yi tsiri ya tafi nesa. Injin bai ƙara ƙarfi ba, ƙofar ce ta tsuke, ruwan kuma dole ya wuce. Idan faɗin tiyo ya ragu da rabi, muddin yawan ruwan da ke wucewa bai ragu ba, gudunsa zai ninka sau huɗu.

Haka jijiyar jini take. Inda ta tsuke, nan jini ke tsiri. Don haka idan likita ya ga gudun ya wuce ƙima a wani wuri, zai yi zargin hanya ta ƙuntata. Sai dai misalin tiyo yana da ɗaya gefen: idan ka matse shi gaba ɗaya, ruwan ɗiga zai koma yi. Saboda haka gudun da ya yi ƙasa ƙwarai shi ma abin dubawa ne.

Abin da sikila ke yi wa jijiyar ƙwaƙwalwa

Ƙwayar jini mai lafiya kewayayya ce, mai laushi, tana rayuwa kimanin kwana 120. Ta mai sikila kuwa, idan iskar da take ɗauke da ita ta yi ƙaranci, sai ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta riƙa maƙalewa. Kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe. Wannan na jawo abu biyu. Na farko ƙarancin jini, wanda ke tilasta wa zuciya turo jini da yawa zuwa ƙwaƙwalwa don ta samu isasshiyar iska. Na biyu, bangon manyan jijiyoyin da ke gindin ƙwaƙwalwa yana ta samun rauni, yana kauri, hanyar tana tsukewa a hankali. Wata rana sai jinin ya kasa isa wani sashe, sashen ya mutu. Shanyewar ɓarin jiki kenan.

Matsalar da masana suka daɗe suna fama da ita ita ce ƙoƙon kai, domin ƙashi yana tare sauti. A 1982 wani masani ɗan ƙasar Norwe, Rune Aaslid, ya nuna cewa idan aka yi amfani da sauti mai girgiza miliyan 2, aka ɗora na'urar a gefen kai, tsakanin ido da kunne inda ƙashin ya fi siranta, ana iya jin manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Wannan gwaji shi likitoci ke taƙaita sunansa da TCD.

Yaro mai lafiya, gudun jini a babbar jijiyar gefen ƙwaƙwalwarsa yana wajen santimita 90 a daƙiƙa. Mai sikila yakan kai wajen 130 saboda ƙarancin jini, kuma wannan ba abin tashin hankali ba ne. Ga yadda ake karanta sakamakon:

- Ƙasa da 170: daidai ne. A sake gwajin bayan shekara.
- Daga 170 zuwa 199: yana kan iyaka. A sake bayan 'yan watanni.
- 200 ko sama da haka: haɗari ne babba. Ana maimaita gwajin cikin mako ɗaya ko biyu don a tabbatar, a fara magani. Idan ma ya haura 220, gwaji ɗaya ya isa.

Ƙungiyar likitocin jini ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa yi wa duk yaro mai SS wannan gwaji sau ɗaya a shekara, daga shekara 2 zuwa 16. Mai AS, wato wanda ke ɗauke da ƙwayar gadon kawai, ba ya buƙatarsa.

An gano haɗarin, sai kuma me?

Amsar farko daga Amurka ta fito. A 1998 aka wallafa sakamakon binciken STOP, wanda Dakta Robert Adams ya jagoranta. An ɗauki yara 130 da gudun jininsu ya kai 200 ko ya wuce, aka raba su gida biyu. Rukuni ɗaya ana yi musu ƙarin jini kusan duk wata, ɗayan kuma kulawar da aka saba. A rukunin da ba a ƙara wa jini, kimanin 10 cikin 100 ne ke samun shanyewar jiki a kowace shekara. Ƙarin jinin ya rage wannan haɗari da kashi 92 cikin 100. Bambancin ya yi yawan da sai da aka tsayar da binciken kafin lokacinsa, don kowane yaro ya samu maganin.

To amma ka auna wannan da halin da muke ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu sikila duk shekara a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Magidanci a Rogo Sabon Gari, ko Zarewa, ko Fulatan, ace duk wata sai ya bar gona ya ɗauki yaro zuwa birni, ya biya kuɗin mota, ya nemo mai ba da jini, ya biya kuɗin gwajin jinin, shekara da shekaru. Ga shi yawan ƙarin jini yana tara sinadarin ƙarfe a hanta da zuciya, sai an sha wani magani mai tsada don fitar da shi. Kuma wani bincike da ya biyo baya a 2005 ya nuna da an daina ƙarin jinin, haɗarin yakan dawo. Maganin da ba a iya bi, da shi da babu duk ɗaya.

Binciken da aka yi a Kano

A nan ne likitocinmu suka shigo. Masana daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero, tare da tawagar Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka yi tambaya: shin maganin haɗiya zai iya maye gurbin ƙarin jini? Maganin shi ne haidiroksiyuriya, wanda a jikin kwalinsa za ka ga an rubuta hydroxyurea. Aikinsa shi ne tayar da irin sinadarin jinin da jariri ke da shi a cikin mahaifa, wanda ba ya lanƙwashewa. Idan ya yawaita, ƙwayoyin jini sun fi daɗewa, jini ya ƙaru, gudun nan mai yawa ya sauka.

Sun fara da ƙaramin gwaji mai suna SPIN, sannan babban mai suna SPRING. An gudanar da shi a asibitocin Kano, ciki har da na Malam Aminu Kano da na Murtala Muhammad, da kuma Asibitin Barau Dikko na Kaduna. Yara 220 ne suka shiga, 'yan shekara 5 zuwa 12, dukkansu gwajin dofla ya nuna suna cikin haɗari. An ba 109 ƙaramin awo, miligiram 10 kan kowane kilo na nauyin yaro a rana, aka ba 111 matsakaicin awo, miligiram 20. An bibiye su sama da shekara biyu, aka wallafa sakamakon a mujallar Lancet Haematology a 2022, sunan Dakta Shehu Abdullahi ne a farkon marubutan.

Yara 3 ne suka samu shanyewar jiki a rukunin farko, 5 a na biyu. Wato a kowane rukuni, ƙasa da 2 cikin 100 a shekara. Ka tuna yaran Amurka da ba a yi wa komai ba, kimanin 10 cikin 100 ne. Gaskiya ne yaran bincike biyu daban ake kwatantawa, a ƙasashe biyu, a zamani biyu, don haka lissafin ba zai zama daidai-wa-daida ba. Duk da haka tazarar babba ce. Ta fuskar shanyewar jiki ba a ga wani bambancin a zo a gani tsakanin awon biyu ba, amma masu shan matsakaicin awo ba a cika kwantar da su a asibiti ba kamar ɗaya rukunin.

Wani abin da wannan aiki ya tabbatar shi ne, ba sai babban likitan hoto ne kaɗai zai iya gwajin ba. An horar da ma'aikatan jinya su ma suna yi. Wannan ne ke ba da fatan wata rana gwajin ya sauko daga manyan asibitocin birni zuwa na ƙananan hukumomi irin Rogo da Ƙaraye.

Yadda gwajin yake

Yaro zai kwanta a rigingine. Ba a aske masa kai, ba ya buƙatar zama da yunwa, ba zafi. A shafa ɗan mai a gefen kansa, a ɗora na'urar, a saurari dama, a saurari hagu. Yawanci bai fi rabin awa zuwa minti 45 ba. Ana so yaron ya kasance a farke kuma a natse, don barci da kuka duk suna sauya gudun jinin ƙwaƙwalwa. Kada a kai shi yana zazzaɓi ko ciwonsa ya tashi, kuma idan an yi masa ƙarin jini kwanan nan a gaya wa ma'aikacin, domin duk waɗannan suna ɓata awon.

Ka kuma san iyakarsa. Dofla ba ya nuna naman ƙwaƙwalwa. Akwai ƙananan raunukan da ba sa shanye hannu ko ƙafa, sai dai a ga yaro ya koma baya a karatu. Kimanin ɗaya cikin uku na yara masu SS suna da irinsu, kuma sai hoton MRI ke gano su. Haka nan sakamako mai kyau a bana bai wanke baɗi ba.

Sauran wuraren da dofla ke aiki

Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, musamman ga maijego, ko wanda aka yi wa tiyata, ko wanda ya daɗe a kwance: ana zargin gudan jini a jijiyar da ke dawo da jini. Ma'aikaci zai danna jijiyar da kan na'urar. Mai lafiya takan lotse, mai gudan jini kuwa ta ƙi. Haɗarin shi ne gudan ya ɓalle ya tafi huhu, don haka ba a murza irin wannan ƙafar, asibiti ake kai ta.

Mai ciwon suga ko mai shan taba da ƙafarsa ke ciwo idan ya yi tafiya, ko gyambonsa ya ƙi warkewa: ana auna ƙarfin jini a idon sawu da na hannu a kwatanta. Idan na sawu ya gaza kashi 90 cikin 100 na hannu, jini ba ya isa ƙafar yadda ya kamata.

Mai ciki da jininta ya hau, ko jaririnta ba ya girma: ana sauraren jijiyar cibiya don a ga ko mabiyiya tana ciyar da shi sosai. Dattijo mai hawan jini kuwa ana duba masa manyan jijiyoyin wuya da ke kai jini ƙwaƙwalwa.

Abin da za ka yi

Idan yaronka SS ne kuma ya kai shekara 2, tambayi likita ko ma'aikacin da ke duba shi: "An taɓa yi masa gwajin TCD? A ina ake yi?" Idan asibitin kusa ba su da na'urar, ka nemi takardar tura ka zuwa sashen masu sikila na babban asibiti. Tafiya ɗaya ce a shekara. Ka rubuta lambar da aka samu da ranar gwajin, ka adana tare da katin asibiti.

Kada ka sayi haidiroksiyuriya a kemis ka fara ba yaro da kanka. Da nauyinsa ake auna shi, kuma ana bibiyar ƙwayoyin jini lokaci-lokaci saboda yana iya rage su.

Idan kuwa ka ga bakin yaro ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko yana jan ƙafa, ko da abin ya wuce bayan 'yan mintuna, a tafi asibiti a ranar. Ƙarin jini na gaggawa shi ne maganin farko, kuma kowace awa tana da muhimmanci. Addu'a da tofi a yi su a hanya. Yaron da ya samu sau ɗaya, in ba a ɗora shi a magani ba, ya fi kusa da sake samu.

Daga ƙarshe, ga masu shirin aure: tun watan Mayun 2024 dokar jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, ciki har da na rukunin jinin gado. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Wannan rigakafin na waɗanda ba a haifa ba ne. Waɗanda suke hannunmu kuwa, haƙƙinsu ne a kai su a saurari jijiyarsu sau ɗaya a shekara.